Kunnen Manomi a Gona: Yadda Na'urorin Sa-ido Daga Nesa Ke Aiko da Labari

Gabatarwa

Mai karatu, idan ka taɓa zama da tsofaffin ma'aikatan reluwe na Kafanchan, wataƙila ka ji yadda suke ba da labarin aikin tasha. Tun shekarar 1927 garin ya zama mahaɗar layin dogo. Layin da ya taso daga Fatakwal ya ratsa ta nan zuwa Kaduna, wani reshe kuma ya haura Jos. Layin ƙwaya ɗaya ne, mai tafiya da mai dawowa duk a kansa suke bi. Saboda haka mai kula da tasha ba ya sakin jirgi sai ya aika saƙo ta waya zuwa tasha ta gaba, an kuma amsa masa cewa hanya a buɗe take. Idan waya ta yi shiru, jirgi zai tsaya, ko da fasinja za su kwana a tasha.

Wannan tsohuwar ƙa'ida ita ce har gobe ginshiƙin duk wani tsari na lura da kayan aiki daga nesa. A yau irin waɗannan na'urori sun fara shigowa gonakinmu ta hanyar ayyukan bincike, da ƙungiyoyin manoma, da 'yan kasuwa. Manufar wannan rubutu ita ce malamin gona da manomi su fahimci yadda saƙo ke tashi daga gona ya iso ofis ko wayar hannu, da wuraren da yake lalacewa a hanya, domin kada a kashe kuɗi a kan abin da ba a san kansa ba, kuma kada a gina shawara a kan labarin da ba daidai ba.

Abin da ya sa batun ya shafe mu

Kudancin Jihar Kaduna shi ne cibiyar noman citta a Nijeriya. A Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a da Zangon Kataf, kuɗin makarantar yara da na aure da na gini duk daga Tafin Giwa da Yatsun Biri suke fitowa. A daminar 2023 cuta ta auka wa gonakin citta a wannan yanki. Ganye ya yi rawaya, cittar ta ruɓe a cikin ƙasa, manoma da yawa ko irin da suka shuka ba su mayar ba.

Ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da citta suna samun ƙarfi ne idan ƙasa ta jiƙe ta daɗe ba ta tsane ba, ga kuma ɗumi. Don haka tambayoyin farko da mai bincike ke yi idan ya isa gonar da ta kamu su ne: ruwa nawa ya sauka a nan, kuma kwana nawa ƙasa ta yi tana riƙe da shi? Amsar da aka fi ba mu ita ce, "An yi ruwa sosai." Wannan amsa gaskiya ce, amma ba za a iya kwatanta gona da gona da ita ba, balle a gargaɗi maƙwabci tun da wuri. Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma yana da amfani ƙwarai wajen tsara lokacin shuka. Sai dai duk wanda ya zauna a yankin nan ya san ana iya tafka ruwa a gindin dutsen Kagoro alhali Kwoi ko yayyafi ba a yi ba. Hasashe na faɗin yanki ne, awo kuwa na gonarka ne.

Haka batun yake ga mai noman rani a fadama. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowace awa da injin ban-ruwa ya yi yana aiki ba bisa buƙata ba, asara ce da ake ji a aljihu.

Sassa huɗu na tsarin

Injiniyoyi suna kiran babban tsarin lura da sarrafa kayan aiki daga nesa da suna SCADA. Da irinsa ake kula da layukan wutar lantarki da bututun mai da madatsun ruwa a duniya. Ɗauki misalin madatsar ruwan Gurara da ke nan kudancin Kaduna, wadda ake tura ruwanta ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 75 zuwa madatsar Usuma a Abuja. Mai buɗe ruwa a wannan kai dole ya san halin da ake ciki a wancan kai. Na'urar da za a kafa a gonar citta ƙarama ce ƙwarai idan aka kwatanta, amma sassanta huɗu ne kamar na babbar.

Na farko shi ne ma'auni. Ma'aunin ruwan sama na zamani yana da mazurari, a ƙarƙashinsa kuma akwai 'yar ludayi mai baki biyu da ke kifewa duk lokacin da ta cika. A yawancin irinsu, kifewa ɗaya daidai take da milimita 0.2 na ruwa. Milimita ɗaya kuwa na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Idan ludayin ta kife sau 200 a dare ɗaya, an yi ruwan milimita 40, wato lita 400,000 ta sauka a hektarka, daidai da durom 2,000 mai cin lita 200. Akwai kuma ma'aunin danshin ƙasa, da na zafi da laimar iska, da na zurfin ruwa a rijiya ko tanki.

Na biyu shi ne akwatin tattara bayanai. Wata 'yar kwamfuta ce da ke cikin akwati a jikin sanda, tana aiki da batir da faifan sola. Ita ke karanta ma'aunai, ta rubuta lokacin da ta karanta, ta adana, sannan ta aika.

Na uku shi ne hanyar da saƙo ke bi. Na huɗu kuma cibiya, wato kwamfuta ko wayar da saƙon ke sauka, tare da mutumin da zai karanta ya yanke shawara. Idan ɗaya daga cikin huɗun nan ya gaza, sauran ukun sun zama ado.

Yadda awo ke zama saƙo

Ma'auni ba ya magana da kalmomi. Abin da ya ji yana mayar da shi ƙarfin lantarki, akwati kuma ya mayar da wannan ƙarfi zuwa lambobi. A masana'antu akwai wata tsohuwar dabara da ya kamata ka sani. Ana aika awo ta waya da lantarkin da ke tsakanin miliyamfa 4 zuwa 20. Idan tanki ya cika, 20 ke bi ta wayar. Idan babu ko ɗigo, 4 ke bi. Me ya sa ba a fara daga sifiri ba? Domin idan ɓera ya cinye wayar, ko fartanya ta sare ta, abin da zai iso shi ne sifiri, nan take akwati zai gane cewa waya ce ta tsinke, ba ruwa ne ya ƙare ba. Da an fara daga sifiri, da ba a bambanta tankin da ya bushe da wayar da ta mutu.

Bayan awo ya zama lamba, sai a shirya shi kamar wasiƙa. Kowane saƙo nagari yana ɗauke da abubuwa huɗu: lambar tashar da ta aiko, da rana da lokacin awo, da awon kansa, da lambar tantancewa. Wannan ta ƙarshe ita ce kamar yadda mai aiken kuɗi ke rubuta jimilla a bayan ambulan. Akwati yana yin wani lissafi a kan lambobin saƙon ya liƙa sakamakon a ƙarshe. Cibiya ta sake yin lissafin da kanta. Idan bai zo ɗaya ba, an san wani abu ya sauya a hanya, sai a yar da saƙon a nemi a sake aikowa.

Dole ne kuma mai aikawa da mai karɓa su yarda da ƙa'idar magana guda. A kasuwar Kafanchan za ka ga Bajju da Atyap da Ham da Fulani suna ciniki, kowa da harshensa a gida, amma a gaban tebur da Hausa ake daidaitawa. Na'urori ma haka suke. Ɗaya daga cikin ƙa'idojin da suka fi yaɗuwa ita ce Modbus, wadda wani kamfanin Amurka mai suna Modicon ya fitar a 1979, kuma har yau kamfanoni da yawa suna ƙera kayansu su yi magana da ita. A wajen ma'aunan ruwa da na ƙasa kuma ana yawan amfani da wata mai suna SDI-12. Amfanin sanin wannan a gare ka shi ne, idan kayan da aka sayar maka suna bin ƙa'idar da kowa ya sani, ranar da ma'auni ɗaya ya lalace kana iya sayen na wani kamfani ka haɗa. Idan kuwa ƙa'idar ta kamfani ɗaya ce tak, ka zama ɗan amshin shatansa.

Hanyoyin da saƙo ke bi

Hanya mafi sauƙi ita ce wayar tagulla. Irin layin da ake kira RS-485 yana iya kai saƙo har kimanin mita 1,200, kuma ma'aunai da yawa na iya rataya a kan layi ɗaya. Ya dace da cikin gona ɗaya ko gidan renon tsirrai. Abokan gabarsa su ne garma da gara da ɓarayin tagulla, don haka a sa shi cikin bututun roba a binne da zurfi.

Ta biyu ita ce rediyo mai ƙaramin ƙarfi, irin su LoRa. Tana cin batir kaɗan, tana iya kai ɗan gajeren saƙo nisan kilomitoci idan babu abin da ya tare tsakanin eriya da eriya. A nan ne yanayin ƙasarmu ke shigowa. Duwatsun Kagoro da tuddan da suka gangaro daga Filato, da kurmin da ke bin rafuka, duk suna tare saƙon rediyo. Eriyar da ta yi aiki lafiya a watan Fabrairu tana iya gazawa a Agusta idan ganye ya cika ya jiƙe. Saboda haka a gwada hanya da damina, kuma a ɗaga eriya sama gwargwadon iko.

Ta uku ita ce layin wayar salula, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Agustan 2001. Ana sa wa akwati katin SIM kamar kowace waya. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, wanda ya isa ya kwashe awon ruwan sama da zafi da danshi da ƙarfin batir na lokaci guda har da ragowa. Idan akwati na awo kowane minti 15, zai tara awo 96 a rana, kuma duk da haka datar da zai ci ba ta kai ta hoto ɗaya ba. Matsalar wannan hanya ba yawan data ba ce. Matsalar ita ce kati na iya ƙarewa ba a sani ba, ana iya rufe layin da ba a haɗa da lambar NIN ba, sabis kuma na iya ɗaukewa. A ƙarshen shekarar 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna na kimanin wata biyu saboda matsalar tsaro. Darasin shi ne kada ka karɓi akwatin da ba ya iya adana awo a cikinsa na tsawon watanni, ya aiko da su gaba ɗaya, kowanne da lokacinsa, ranar da hanya ta buɗe.

Ta huɗu ita ce tauraron ɗan'adam. Tana aiki inda babu sabis ko kaɗan, amma tsadarta ta sa sai manyan hukumomi da manyan gonaki.

Tambaya, rahoto da shiru

Hanya biyu ce cibiya ke samun labari. Ko dai ta riƙa bin tashoshi ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, kamar malamin makaranta mai kiran suna, ko kuma kowace tasha ta yi shiru sai wani abu ya sauya sannan ta yi magana. Ta farko tana cin batir da kuɗi, amma nan da nan ake gane wanda bai amsa ba. Ta biyu tana da arha, sai dai a cikinta ba a bambanta tashar da ba ta da sabon labari da wadda ta mutu. Maganin da ake yi shi ne a umarci kowace tasha ta aiko da gajeren saƙon "ina nan" a ƙayyadadden lokaci, ko da babu abin da ya faru.

Ko da hakan, akwai ƙaryar da lissafi ba ya kamawa. Wata shekara, a wata gonar gwaji da nake kula da ita, ma'aunin ruwan sama ya yi sama da mako guda yana aiko da sifiri a tsakiyar Agusta. Saƙonni suna zuwa a kan lokaci, lambar tantancewa daidai, batir a cike. Har na fara rubuta cewa an sami tsaikon ruwa, sai na buga wa manomin da ke maƙwabtaka da gonar waya. Ya yi dariya ya ce, "Malama, ai jiya ma da ƙyar muka fita daga gida." Da muka je muka buɗe, zanzaro ne ya gina ɗakinsa a maƙogwaron mazurarin ya toshe shi. Hanyar sadarwa ta isar da abin da aka ba ta ba tare da kuskure ba, amma abin da aka ba ta ƙarya ne. Tun daga ranar ba na kafa na'ura sai na ajiye ma'aunin hannu a gefenta, da mutumin da zai riƙa dubawa.

Ba da umarni daga nesa

Sauraro daban, ba da umarni daban. Akwai na'urorin da ke ba ka damar kunna famfon rijiyar burtsatse ko buɗe bututu daga wayarka. Kuskure a awo yana ɓata rahoto, amma kuskure a umarni yana ƙona famfo ko ya nutsar da shuka. Don haka a kiyaye abubuwa uku.

Na ɗaya, umarni bai cika ba sai an sami tabbaci. Saƙon "an karɓi umarni" bai isa ba. Abin da kake so shi ne shaida daga ma'auni cewa ruwa na gudu a bututu.

Na biyu, a tsara abin da na'ura za ta yi da kanta idan magana ta yanke. Idan ka kunna famfo sannan sabis ya ɗauke, wa zai kashe shi? Dole akwati ya kasance yana da iyakar lokaci, ya kuma kashe famfo da kansa idan tanki ya cika ko rijiya ta ja baya. Wannan ita ce ƙa'idar mai kula da tasha: idan waya ta yi shiru, a tsaya.

Na uku, a san wanda ke da ikon ba da umarni. A shekarar 2000, a yankin Maroochy na jihar Kwinsland a Ostireliya, wani mutum da ya taɓa yi wa kamfanin da ya kafa tsarin aiki ya yi amfani da rediyo da kwamfuta ya riƙa aika wa famfunan ruwan ƙazanta umarnin ƙarya, har dubban ɗaruruwan lita suka malala cikin rafuka da wuraren shaƙatawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A sauya lambar sirrin da na'ura ta zo da ita daga kamfani, a taƙaita lambobin wayar da za ta saurara, a kuma cire lambar duk wanda ya bar aiki.

Kulawa a gona

Yawancin na'urorin da na ga sun mutu, rashin kulawa ne ya kashe su. A kiyaye waɗannan:

1. A goge faifan sola kowane mako a lokacin hunturu, domin ƙura na rage cajin batir. A Agusta kuma, lokacin da hadari ke rufe rana kwana da kwanaki, a riƙa duba ƙarfin batir a cikin saƙo.

2. A kafa maganin aradu, wato sandar ƙarfe da aka haɗa da ƙasa sosai. Yankinmu na tuddai yana da yawan tsawa a farko da ƙarshen damina.

3. A share ciyawa a kewayen sanda kafin lokacin ƙunar daji, a kuma yi shinge saboda dabbobi.

4. A buɗe ma'aunin ruwan sama duk mako biyu a cire ganye da gizo-gizo da ginin zanzaro. A tabbatar yana tsaye daidai, nesa da bishiya da rufin ɗaki.

5. A binne ma'aunin danshi a zurfin da saiwar amfanin gona take, a wurin da ya yi kama da yawancin gonar. A irin ma'aunin da ke nuna santiba, idan allura ta zauna ƙasa da 10 kwana da kwanaki, ƙasa ta cika da ruwa, lokaci ya yi da za a buɗe magudanai.

6. A sanar da mai unguwa da maƙwabta abin da aka kafa da amfaninsa. Kayan da jama'a suka san nasu ne sun fi daɗewa.

Kafin a saya

Idan ƙungiyarku na shirin saye, ko wani aiki zai kawo muku kyauta, malamin gona ya yi waɗannan tambayoyi a gaban manoma. Wa zai riƙa biyan kuɗin layi bayan aikin ya ƙare? Kwana nawa akwati ke iya adana awo idan babu sabis? Da wace ƙa'ida yake magana? Ina mai gyara mafi kusa, Kafanchan ko Kaduna ko sai Legas? Bayanan da aka tara na wa ne, kuma za mu iya kwafe su a takarda? Wane mataki za a ɗauka idan awo ya kai kaza, kuma wa zai sanar da manoma?

Tambaya ta ƙarshe ta fi duka muhimmanci. Na'ura ba ta warkar da citta. Abin da ke kare ta shi ne iri mai lafiya, da kunya mai tudu, da magudanar ruwa, da sauya gona, da cire shukar da ta kamu a fitar da ita daga gona tun da wuri. Aikin awo shi ne ya gaya maka ranar da za ka tashi tsaye.

Kammalawa

Ba sai an jira na'ura mai tsada za a fara ba. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, idan aka kafa shi a fili, zurfin ruwan da ya taru a ciki shi ne milimitar ruwan da aka yi. Manomi ɗaya a kowane ƙauye ya auna da rula kowace safiya a lokaci guda, ya tura wa malamin gona saƙon tes mai ɗauke da sunan ƙauye da kwanan wata da awo. Ranar da ba a yi ruwa ba ya tura sifiri, kada ya yi shiru. Malamin gona ya rubuta a littafi, ya kira duk wanda bai ji daga gare shi ba, ya kuma tuntuɓi wanda awonsa ya saɓa wa na maƙwabtansa. Ƙauyuka goma da suka yi haka damina ɗaya sun mallaki dukkan sassa huɗun da muka lissafa, kuma ranar da na'ura ta iso za ta tarar da mutanen da suka san abin da za su tambaye ta. Allah Ya ba mu damina mai albarka.